Motar da Ke Jiran Jirgi

Tashar jirgin ƙasa ta garin ta girmi duk wanda ke cikinsa. Ginin jan bulo ce, kwanon rufinta ya yi tsatsa, bencinanta sun yi sulɓi don yawan zama. A bakin ƙofarta bas ɗin Gajere ke tsayawa. Ita kaɗai ke zuwa ƙauyukan ƙetaren kogi, kuma tun da ya kama sitiyarinta bai taɓa tashi ba sai jirgin yamma ya sauke mutane. Wanda duk ta bari, a benci zai kwana.

Sai kamfani ya zo da sabuwar doka: lokaci na cika mota ta tashi, ko jirgi ya iso ko bai iso ba. Direban da ya ƙi, a karɓe makulli. Wanda aka turo ya tsare dokar kuwa ɗan ƙanwar Gajere ne, sabon mai duba motoci.

Ran nan jirgi ya makara. Ɗan ƙanwar ya leƙo ta taga.

"Kawu, lokaci ya yi."

"Ni ban ji kukan jirgi ba. Ko kai ka ji?"

Wata tela da ke zaune a baya, rungume da ƙunshin yadi, ta ɗaga murya. "Direba, mu da muka zo da wuri fa? Laifinmu ne?"

"Yaya, ran da kika dawo daga asibiti da ɗaurarriyar ƙafa, wa ya jira ki?"

"Kai dai ka cika tone-tone," in ji ta, ta gyara zama.

Gajere ya kashe inji. Ya san bakunan da ke ci a gidansa, kuma ba wanda ke neman direba mai furfura. Duk da haka ya zare makulli ya jefa aljihu.

Ɗan ƙanwar ya rage murya. "Kawu, kada ka sa ni tsaka mai wuya. In ban karɓa ba, nawa aikin ne zai tafi."

"Wa ya ce kar ka karɓa? Ba roƙonka nake ba. Sai na kai mutanen jirgi gida tukuna."

Rana ta yi ja kafin layin dogo ya fara rawa. Waɗanda suka sauko ba su taka kara sun karya ba: tsoho mai dogara sanda, mace da goyo, sai wata ɗaliba da akwati.

"Saboda waɗannan, Kawu?"

"Ko ɗaya ne. Matsa, tsoho zai hau. Kai ma hau, in makulli kake so."

Suka ƙetare gada, suka bi ƙauyuka suna sauke mutane. Da mai goyon ta sauka a ƙauyen ƙarshe, Gajere ya ja birki, ya miƙa makullin ba tare da an tambaye shi ba. Ɗan ƙanwar ya tsaya yana juya shi a hannu kamar garwashi.

Gajere ya taka zuwa kujerar baya, wadda bai taɓa zama a kanta ba, ya miƙe ƙafa.

"Tuƙa mana, ranka ya daɗe. Ka mai da ni gida, ni fasinja ne."