Faranti Biyu, Babu Sukari

Tausala ta sunkuya ta janyo faranti na biyu daga tanderu, ta ɗora a kan tebur, ta danna tsakiyar biskit ɗaya da ɗan yatsa. Ya lotsa kaɗan, ya dawo. Wannan ne gwaji na goma sha ɗaya, kuma shi ne na farko da ba ta ji kunyarsa ba. Sauran goman kajin maƙwabcinta ne suka cinye, ban da na uku, wanda su ma suka ƙi.

Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a gidan burodi a garin Logan na ƙasar Ostiraliya kafin gwiwa ta zaunar da ita. A cocinsu na 'yan Samoa ba a biki, ba a jana'iza, sai da fankenta da kek ɗinta na abarba, kuma ba ta taɓa auna komai ba. Sai ga ta da tsufanta a gaban sikeli, tabarau a ƙarshen hanci, tana ƙirga giram na garin kwakwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da farin ƙwai da wani farin gari mai zaƙi da aka ce daga ganye ake samunsa. Duk wanda ya ce zaƙi kaɗai sukari ke sa wa biskit bai taɓa gashi ba. Shi ke riƙe shi, shi ke ba shi launi. Sai da ta yi asarar ƙwai kusan ɗari kafin ta gano cewa idan kwaɓin ya kwana a firiji, aka rage wuta, aka ƙara minti huɗu, yana tsayawa da ƙafarsa.

Saboda Sinalei take wannan wahala. Autarta ce, shekararta talatin da ɗaya, direbar bas, kuma yau za ta hau dandamali a gasar masu gina tsoka da nuna ta a birnin Brisbane. Wata huɗu ke nan ba ta sa lomar girkin uwarta a baki ba. Kowace Lahadi bayan coci, idan an jera gwaza da madarar kwakwa da kifi da kaji, sai ta zauna a ƙarshen tebur ta buɗe robarta: dafaffen ƙirjin kaza, ganye, shinkafa cokali uku. Matan coci suka samu abin yi. 'Yar Tausala ba ta cin abincin Tausala. Rabin masu faɗin haka sai sun huda yatsa kowace safiya sun duba sukarin jininsu, amma a wurinsu yarinyar da ke auna abincinta ita ce marar lafiya.

Tausala ba ta gaya wa Sinalei komai ba. Abin da take so bai wuce ɗaya ba, ta ga 'yarta ta ci abin da hannunta ya gasa a gaban mutane. Kuma tunda ba a zuwa taro hannu rabbana, ta gasa na kowa da kowa.

Aka danna ham ɗin mota a waje. Vaelua ce, yayar marigayi mijinta, mai shekara saba'in da ɗaya da tsohuwar mota da ba ta yarda kowa ya tuƙa. Tausala za ta ajiye farantan a kujerar baya sai ta ga wani abu yana ƙyalli, alewa ce mai launi-launi an naɗe a leda an ƙulla da zare, irin sarƙar da ake rataya wa yara a wuya ranar kammala karatu.

"Mene ne wannan?"

"Idonki ya mutu ne? Ula ce. Yini na yi jiya ina ƙullawa."

"Yarinya ta yi wata huɗu tana gudun sukari, ke kuma ki rataya mata kilo guda a wuya."

"Ratayawa na ce, ban ce ta ci ba. Ke me kika gasa da yake warin kantin magani?"

"Abin da ya fi ƙarfin haƙoranki."

"Haƙorana na gwamnati ne, babu abin da ya fi ƙarfinsu." Vaelua ta hau babban titi ba ta duba madubi ba. "Ni don ƙanena na fito. Kada a ce 'yarsa ta tsaya tsirara a gaban Turawa babu kowa daga danginsa."

"Ba tsirara ba ce."

"Na ga hoton kayan. Hankicina ya fi su yadi."

A zauren gasar akwai mai gadi a ƙofar da ke shiga bayan dandamali, amma ba a tare tsohuwa mai faranti biyu. Ya ma riƙe mata ƙofar. Warin fenti da mai ya tarbe ta. An shimfiɗa leda a ƙasa, mutane kwance ƙafafunsu a jingine da bango, kowa an shafe shi da launin ƙasa mai duhu tun daga goshi har yatsun ƙafa. Sai ta ja ta tsaya. Wani ƙato mai wuya kamar turmi ya ɗaga kai yana matsa kwalbar zuma cikin bakinsa. Wata yarinya tana zuba alewa a tafin hannu tana watsawa baki. Kowane lungu ta duba, wani na tauna abin zaƙi.

Sinalei na zaune a ƙasa ta jingina da jakarta. Ita ma an ƙara mata fenti a kan wanda Allah ya riga ya yi mata. Kumatunta sun faɗa, idanunta sun yi girma.

"Mama? Me kike yi a nan?"

"Abinci na kawo miki." Tausala ta buɗe murfin faranti ɗaya. "Babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Ga awon kowane guda na rubuta a jikin murfi. Ki ci, ki ba abokanki."

Sinalei ta daɗe tana kallon farantin. Ta karanta rubutun murfin har ƙarshe. Sannan ta juya ta dubi matar da ke tsugune kusa da ita, Narelle, mai horar da ita, 'yar shekara hamsin mai murya kamar ta mai mura.

Narelle ta ɗauki murfin ta karanta ita ma. "Anti, an yi aiki a nan. Amma yau ba ranarsa ba ce."

"Ranar me ce?"

"Ranar sukari. Wata huɗu muna hana su. Yanzu tsokar a bushe take, sai ta sha zaƙi take cika ta fito. Kuma wannan farin garin yana kumbura wa wasu ciki. Yau ba ma ba ta abin da cikinta bai saba da shi ba."

"Wato daga Litinin zuwa Juma'a guba ne, ranar Asabar ya zama magani."

"Kusan haka."

"Likitan gwiwata ma haka yake magana."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Sinalei a hankali. "Ba zan iya ba. Ba yanzu ba."

Tausala ta mayar da murfin ta danna gefe huɗu. Ba ta roƙi kowa ya ɗanɗana ba. Ƙaton mai zuma ya yi mata murmushin tausayi, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

Ta juya za ta fita ke nan wani mai lasifika ya leƙo ya ce saura minti goma sha biyar a kira rukunin su Sinalei. Sinalei ta miƙe ta ɗauki igiyar roba za ta ɗumama damatsanta. Ja biyu ta yi, igiyar ta suɓuce. Ta dafa bango. Hannunta na rawa.

Narelle ta zazzage jakarta, ta ɗaga kwalbar zuma a haske. Babu komai a ciki, mutum biyar take lura da su tun safe. "Zauna. Bari in roƙo a wurin wani."

"Ba za a yi wa 'yata bara ba danginta na zaune a waje," in ji Tausala. "Ki riƙe ta."

Gwiwar ba ta son sauri, amma ta yi. Vaelua na layi na uku, jaka a cinya, tana kallon wasu maza a dandamali da fuskar mai zaɓen kifi a kasuwa.

"Ba ni ular."

"Wace ula? Mai kilo guda?"

"Vaelua."

"A'a, ƙara faɗa. Kunnena ma na gwamnati ne."

"Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Ba ni."

Vaelua ta dube ta da kyau, dariyar ta bar fuskarta. Ta ciro sarƙar ta miƙa. "Ajiye farantanki a nan, ki yi sauri."

An liƙa wa Sinalei dogayen farce, tafin hannunta duk mai, ba ta iya ɓare ko ɗaya. Tausala ta tsinke zaren da haƙori, ta ɓare leda, ta sa mata a baki a hankali don kada jan-bakin ya goge. Abin masana'anta ne, ja da rawaya, ba abin da za ta yarda ya shiga kicin ɗinta. Amma bakin na 'yarta ne, kuma yana buɗewa.

"Huɗu," in ji Narelle. "Ba ƙari."

Tausala ta sa na biyar.

"Anti, ina gani fa."

"Ni ma ina gani. Dubi hannunta."

Rawar ta tsaya. Sinalei ta sake ɗaukar igiyar, ta ja, ta ja, jijiyoyi suka fara tasowa a kafaɗunta kamar saiwar bishiya bayan ruwa. Ba ta juyo ba ta ce, "Je ki zauna, Mama. Ki kalle ni da kyau."

Mata takwas ne suka fito a jere. Tausala ba ta san me alƙalan ke rubutawa ba, ba ta kuma damu ba. Da aka ce su juya baya, Sinalei ta buɗe kafaɗunta, bayan nan ya baje, kowace tsoka da iyakarta, babu inda aka yi gaggawa, babu inda aka bari rabi. Tausala ta san aiki idan ta gan shi. Uwar Tausala a tsibirin Savai'i na Samoa da irin wannan bayan ta yi ta ɗauko kwakwa daga gona a kan sanda har ta tsufa, babu wanda ya taɓa ce mata namiji, babu kuma wanda ya taɓa tafa mata. Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa.

"Wannan kafaɗar gidanmu ce," in ji Vaelua da cikakken baki.

"Ɗazu tsirara ce."

"Har yanzu tsirara ce. Kafaɗar dai tamu ce."

Sai a lokacin Tausala ta lura da abin da take taunawa. Farantin farko na can ƙarshen layi yana yawo hannu zuwa hannu tsakanin iyaye da kakannin 'yan gasa. Wani tsoho mai sanda ya leƙo ya tambaya ko da gaske babu sukari a ciki, don shekara tara ke nan matarsa ta raba shi da biskit.

"Wa ya ce ki raba?"

"Ke kika ce na kowa ne. Kuma ya bushe, wannan na shida ke nan ina nema in gane abin da ya rasa."

Sinalei ta zo ta biyu. Vaelua ta ce alƙalan makafi ne, ta faɗa da ƙarfin da layi uku suka ji.

A harabar zauren an jera tebura, 'yan gasa sun yi musu caa. Yunwar wata huɗu ta ƙare, kowa ya riƙe akwatin fanke mai cakulan, ko kek, ko duka biyu. Tausala ta tsaya a jikin bango da ragowar faranti na biyu, ba ta kira kowa ba. Ta hango Sinalei ta fito, ta ɗaura zane a kan kayan gasar, lambar azurfa a wuyanta. Abokanta suka rufe ta. Wata ta tura mata akwati har ƙarƙashin hanci. Sinalei ta yi dariya, ta rungume ta, ta ratsa ta gefe ta nufo uwarta.

"Ina nawa?"

"Ga shi can ana miƙo miki, har da cakulan."

"Mama."

Tausala ta miƙa mata farantin. Sinalei ta duba hagu da dama, babu kujera ko ɗaya, kuma 'yar da aka yi wa tarbiyya ba ta ci a tsaye a gaban manya. Ta cire dogayen takalman, ta tattara zanenta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun uwarta, ta ɗora farantin a cinya. Mutane suka riƙa kewaye ta. Ta gutsura, ta tauna a hankali, idonta a rufe.

"To?" in ji Vaelua. Tausala ba ta tambaya ba.

"Gefen ya ɗan bushe," in ji Sinalei.

"Na sani," in ji Tausala. "Garin kwakwa ne, shan ruwa gare shi."

Sinalei ta ɗauki na biyu. "Akwai wata gasar a watan Mayu. Narelle ta ce in na shiga, wani wata huɗun ne."

Vaelua ta ciro waya ta ja baya tana neman inda za su fito su biyu, don a coci sai an ga hoto ake yarda. Tausala ba ta dubi wayar ba. Ta jira sai da hannun 'yarta ya sake komawa cikin farantin.

"Ki ce wa Narelle ta zo gida ranar Lahadi da takardar awon abincinki," ta ce. "Ina da tambayoyi."