Tsumman Abuja

Habsatu ta tsiyaya ruwa cikin kofin shayi a kan faranti, ta shimfiɗa shuɗin ƙyallen a kai, ta ɗaga. Farantin ya bushe ƙayau kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Ta zuba kofi na biyu, ƙyallen ya shanye. Sai a na huɗu ya fara ɗiga.

"Da ruwan sha kike wasa a irin wannan shekarar?" in ji mijinta Isufu daga bakin ƙofar ɗaki.

"Zan matse wa kaji. Baban Mariama, wannan tsumman da me aka saƙa shi?"

"Ba tsumma ba ne, tawul ne. Maikirofaiba ake ce masa."

Ta gwada sunan sau biyu, ya ƙi zama a bakinta, ta bar shi.

Shekara ashirin ke nan Habsatu tana wanki da guga a Matameye. Matan ma'aikata da na 'yan kasuwa duk ita suke aiko wa kaya. Ko ido rufe, in ta shafa yadi takan faɗi ko shadda ce, ko atamfa, ko leshi, ta kuma san wanda ke zuba da wanda ke shan sitati. Wannan kuwa bai yi kama da kowa ba. Ga laushi kamar gashin ɗan tsako, amma in ta goga shi a tafin hannu sai ya riƙa kama kaushinta kamar harshen kyanwa.

Isufu ne ya zo da su daga Abuja, inda yake zuwa cirani yana wanke motocin manya. Bana ya dawo tun rani bai ƙare ba. Daminar bara ta gaza, gonarsu ta hanyar Yauri ba ta ba da abin da zai kai su wata uku ba. Ya kuma ji labarin cewa tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai aka yarda akwai yunwa, motoci sun cika garin: manyan kamiyo masu ɗauke da hatsi, da kat-kat, motocin nan masu shiga daji, na ƙungiyoyin agaji. Ya kafa duro biyu a ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da tasha. Sauran masu wankin mota sai sun zubar da bokiti shida, ga ruwa ya yi wuya. Shi da tawul ɗinsa goma sha biyu, bokiti biyu sun ishe shi, motar kuma ta fita tana sheƙi.

Sai dai a Abuja inji ne ke wanke tawul ɗin a wani ɗaki da Isufu bai taɓa shiga ba. Nan kuwa aikin ya faɗo kan Habsatu.

Ranar farko ta yi musu abin da take yi wa kowane kaya. Ta cuɗa da sabulu, ta shanya a kan zana, ta hura gawayi a dutsen guga. Tana ɗora dutsen a kan wani rawaya, ƙyallen ya tsuke, ya manne, warin ƙonanniyar leda ya cika tsakar gida. Isufu ya tsaya yana kallon ɓarnar. Ita kuwa kunyar ba ta hana ta ɗaga ƙonannen ta duba gefensa ba, inda ya daskare kamar ƙaro.

"Ashe roba ce aka yi wa zare," ta ce a hankali.

Daga nan ta mai da su ɗalibta. Ta gano in ta wanke da sabulun gida mai maiƙo, washegari ruwa yakan zame a kansu kamar a bayan agwagwa, sai omo ɗan kaɗan da ɗauraya uku. Ta gano in ta haɗa su da singiletin Isufu, sukan kwashe duk wani ɓurɓushin auduga, su je su zube shi a gilashin mutane. Wanda iska ta kayar daga zana ya kwaso ƙarangiya da yashi, ta kaɗa ta kaɗa ya ƙi saki, sai da ta zauna da hantsaki tana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ta ɗaura igiya a cikin ɗaki, a nan suke shan iska.

Salamatu, maƙwabciyarta mai sayar da abinci a tasha, ta leƙo ta same ta a wannan tsintar.

"Mutanen ƙauye na can na dafa 'ya'yan anza masu ɗaci saboda yunwa, ke kina nan kina yi wa tsumma kitso."

"Tsumman nan shi ke ɗora mana tukunya," in ji Habsatu, ba ta ɗago ba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ta same shi ne ba da nema ba. Akwai wasu tsofaffin faya-fayan sidi da Isufu ya zo da su. Wata rana ta ɗauki tawul ɗin da ya taɓa faɗuwa, wanda ta riga ta wanke, ta share ƙurar ɗaya daga ciki. Da ta karkata faifan ga haske sai ta ga siraran layuka sun kewaya shi kamar saƙar gizo-gizo. Ta ɗauko wani faifan, ta share da tawul ɗin da bai taɓa ƙasa ba. Babu layi ko ɗaya. Ta daɗe zaune da faya-fayan biyu a cinya. Ke nan ƙyallen yana iya ɓoye tsakuwar da ido ba ya gani, hannu ba ya ji, wanki kuma bai fitar ba.

Da Isufu ya dawo ta nuna masa, suka raba aiki: shuɗaye na jikin mota, koraye na gilashi, rawaya na taya. Duk wanda ya faɗi ƙasa takan ɗinka masa jan zare a kusurwa, ya koma na taya har abada. Kowace safiya sai ta gwada shuɗayen a bayan faifai kafin ta jera su a roba mai murfi.

A cikin masu kawo wa Isufu mota akwai wani kapiten na soja da aka turo daga Damagaram ya kula da rabon hatsi. Motarsa baƙar kat-kat ce, sabuwa, direbanta wani kaporal mai suna Sule yakan kawo ta bayan kwana bibbiyu.

Wata Alhamis kafin azahar Salamatu ta shigo ba sallama, mayafinta a hannu.

"Habsatu, sojoji sun tafi da maigidanki. Wai ya karce motar kapiten. Suna mangaza, inda ake ajiye hatsin rabo."

Habsatu ta miƙe tsaye. Ta san a wannan zamanin ba a tambayar soja dalili, mutum yakan kwana uku a tsare kan abin da bai kai wannan ba. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wata tambaya da ta ƙi kwanciya: wane tawul ne? Da hannunta ta gwada su duka da safe. Ta saka faifai ɗaya a lalitarta, ta biya ta gindin dogon yaron ta ɗauki robar tawul, ta nufi mangaza.

Layin mata ya miƙe tun daga ƙofar har bayan katanga, mutanen Ɗan Barto da Dungu, kowace da buhu a naɗe a hammata, ba mai magana saboda zafi. Baƙar motar na tsaye a tsakiyar fili. Isufu na zaune a ƙasa kusa da tayarta, cikin rana, ba hula. Da ya hango ta sai ya girgiza mata kai alamar ta koma. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Kapiten ɗin na zaune a rumfa da takardu a gabansa, dogo, mai gilashi, Hausarsa ta mutanen yamma. Ta durƙusa daga nesa.

"Ranka ya daɗe, ni ce matar mai wankin mota. Ni nake wanke ƙyallayen da yake aiki da su. In su suka yi ɓarna, hannuna ne. Ina roƙon a bar ni in ga wurin."

Ya dube ta ta saman gilashi. "Ki gani ki yi me, madam?"

"In sani, ranka ya daɗe."

Wataƙila amsar ce ta ba shi mamaki. Ya ajiye biro ya tashi, kaporal Sule na biye da shi.

Karcen na gefen dama, daga ƙofar gaba har bayan motar, layi uku a jere, miƙaƙƙu, daidai ƙugunta. Ta sa farce, farcen ya faɗa ciki. Ta buɗe robar, ta zaro rawaya mai jan zare, ta yar da shi a yashi, ta taka, ta kaɗe. Sannan ta fito da faifan ta goga masa, ta miƙa wa kapiten da hannu biyu.

"A karkata shi ga rana, ranka ya daɗe. Iyakar muguntar da ƙyallen nan zai iya ke nan, ko da an cika shi da yashi. Siriri ne, farce ba ya jin sa, kuma yana bin yadda hannu ya zagaya. Wannan na jikin mota kuwa ya tafi ɗoɗar kamar an ja shi da igiya."

Kapiten ya juya faifan, ya sake juyawa, ya matso da shi kusa da gilashinsa. Ya kai farcensa ga faifan, sannan ga motar.

Ita kuwa ta riga ta bi layukan da yatsa har inda suka ratsa robar da ke tsakanin ƙofofin biyu. Wani abu fari ya maƙale a ciki. Ta ciro shi da farce ta ɗora a tafin hannu: tsinin ƙaya ne, karyayye, ɗanye.

"Farar ƙaya ce," ta ce, kamar da kanta take magana. "Jiya motar ta shiga daji ke nan. Ƙura ta rufe wurin, wanki ya tone shi." Ta ɗago ta dubi kaporal ɗin, ba da wata manufa ba sai son cike abin da ya rage mata. "Malam, ta ina ka bi da ita?"

Sule ya kafa idonsa a kan takalminsa, gumi na gangaro masa ta bayan kunne. Matan da ke gaban layi suka juyo. A nan Habsatu ta gane ba shi ya ja motar jiya ba, kapiten ne da kansa, ta kuma gane dalilin da ya sa da safe ya nuna mai wanki. Baki shi ke yanka wuya. Ta runtse hannunta a kan ƙayar, ta sunkuyar da kai.

Kapiten ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Hanyar Dungu," ya ce daga bisani. "Akwai mushen saniya a tsakiyar hanya, na kauce masa ta cikin ƙaya." Ya juya ga Isufu. "Tashi. A ba shi hularsa."

Isufu ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa sun yi tsami. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai sa rai ba.

Kapiten bai koma rumfa ba. Ya tsaya a gaban robar yana kallon tawul ɗin da aka jera kala-kala. Ya tambayi abin da jan zaren ke nufi, ta faɗa masa. Ya tambayi ko ana dafa su a ruwan zafi, ta ce a'a, wuta ce ajalinsu. Ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibi ya burge.

"Ki ba ni ɗaya in ajiye a mota."

Ta zaɓo mafi kyau a shuɗayen, wanda bai taɓa ganin ƙasa ba, ta ninke shi huɗu ta miƙa. Ya shafa shi a bayan hannu, ya yi murmushi. Sai ya ɗora ƙafa a kan taya, ya share ƙurar takalminsa na dama sarai, ya sauya ƙafa ya share na hagu har da dunduniya. Yana miƙewa ya hangi inda tsuntsu ya ɓata murfin injin. Ya dunƙule tawul ɗin, ya danna, ya shiga murzawa da ƙarfi yana zagayawa.

Habsatu ta buɗe baki. Isufu ya ja gefen mayafinta, ta rufe.

Sai da suka wuce ƙarshen layin matan, suka sha kwanar katanga, sannan Isufu ya karɓi robar daga kanta ya riƙe.

"Jibi za su kawo ta wanki," ya ce.

Ta yi tafiya kaɗan tana tunani.

"To, kafin ka sa mata ruwa, ka kira kaporal ɗin ku tsaya ta gefen rana, ku duba murfin tare, kada gobe a ce kai ka karce shi."