Saura Hannu Ɗaya

"Mama ta tafi gida," in ji Auta, 'yar Mama Tela, tana tsaye a ƙofar shagon da mukulli a hannu.

"Ƙauye?" na ce. "To madalla! Jiya-jiya muka rabu, ko sallama babu? Da kayan mutane a hannunta?"

Ni dama da faɗa na fito. Mama Tela maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, shagonta kuma a jikin gidanta yake. Shekara goma sha ɗaya ina jin ƙarar keken ɗinkinta tun kafin in ɗora ruwan wanka. Ba ta taɓa sa almakashi a yadi ba sai ta sunkuyar da kai ta yi addu'a. Har tsokanarta nake yi, in ce wata rana almakashin ma zai amsa da amin.

Rigar Dogo ce ta haɗa mu. Dogo ɗana ne, shi kaɗai gare ni. Shekara biyu ke nan da suka yi sa-in-sa da babansa, ya ɗauki jaka ya fice, ko waya bai taɓa bugowa ba. Shekarar farko na yi azumi, na yi kuka a gaban Ubangiji har muryata ta dishe. A ta biyu na gaji. Na daina addu'a, coci ma sai in an matsa mini. Makon jiya Mama Tela ta karɓi tsohuwar rigarsa a wurina, wai za ta duba wani ɗinki. Jiya da na leƙa, sai na tarar ta shimfiɗa ta a kan sabon yadi shuɗi tana zagayawa da alli.

"Ta ranar dawowarsa ce," ta ce. "Na ƙara inci biyu a kafaɗa, yaro yana girma a can."

"Wa ya ce miki zai dawo?"

"Ba wanda ya ce. Na roƙa ne, shi ya sa nake shiri. Ke in kin aika a kawo miki ruwa, ba kya wanke randa?"

Nan bakina ya ƙwace. Na ce mata wadda 'yarta ke gabanta ba ta san zafin ɗa ba, ta riƙe bangaskiyarta ta bar ni da ciwona. Na manta, ko na yi kamar na manta, cewa ta binne biyu kafin ta haifi Auta. Ta sunkuyar da kai, sannan ta fara yanka.

Shi ne yau, da dawowata daga kasuwa, na zo karɓar tsohuwar rigar.

"Yaushe za ta dawo?" na tambayi Auta. "Ko kin san inda ta ajiye mini rigar ki miƙo?"

Auta ta dube ni kawai. Sai a lokacin na lura takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba ne, ɗaya nata, ɗaya na uwarta.

"Maman Dogo, ba ƙauye ba," ta ce. "Gida. Wurin Yesu."

Kwandon da ke hannuna ya faɗi, albasa ta watse har cikin kwata. Wannan maganar mu ne muke faɗinta duk lokacin da wani namu ya rasu, ni da bakina na faɗa wa mata da yawa ita ina riƙe da hannunsu. Yau an faɗa mini, na tsaya ina tambayar riga.

"Wace Mamar? Ke, kina da hankali kuwa? Da safen nan na ji kekenta!"

"Tana kan keken ta ce kanta na sara mata. Kafin in kawo ruwa ta kife. Ba mu kai asibiti da ita da rai ba. Baba da Fasto suna can, ni aka ce in zo in kulle shago."

Na ji tsoro, na ji kunya, ban san wanda ya fi ba. Maganar ƙarshe da Mama Tela ta ji daga bakina ke nan, kuma babu sauran inda zan same ta in ce ta yafe mini.

Na ture ƙofar na shiga. Kujerarta a karkace, gilashinta a ƙasa, alli a kan tebur. Tsohuwar rigar Dogo tana gefe, a ninke, har an goge ta. Shuɗiyar kuwa tana ƙarƙashin allura. An haɗa wuya, an sa hannun dama, na hagu ɗinkin ya kai rabi ya tsaya.

"In ciro miki tsohuwar ki tafi da ita?" Auta ta ce daga bayana.

"Bar ta."

Na gyara kujerar na zauna. Mama Tela ce ta koya mini taka keke, shekarun baya, tana dariyar karkataccen layina. Na sunkuyar da kai kamar yadda take yi.

"Ubangiji," na ce. Sauran ya ƙi fitowa.

Na lallaɓa yadin, na daidaita bakinsa da inda ta tsaya, na ɗora ƙafata a kan matakin. Auta ta ajiye mukullin, ta matso ta riƙe mini ƙarshen hannun rigar don kada ya ja ƙasa.