Auta Ce Ke Awo

Mai ɗinki tana cikin taka keke matar mai kemis ta faɗo shagon ko sallama babu, ta dire leda a kan tebur.

"Ga yadin bikin ƙanwata. Amma ke za ki auna ni. Kada 'yarki ta taɓa ni."

Auta, da ke ninke kaya a gefe, ta sulale bayan labule. Haka take yi tun da fim ɗin da ta yi ya fito. Ita ce ta fito a yarinyar da ke jin muryar marigayiyar uwarta daga cikin durowa, ta daina barci, a ƙarshe ta zauna gaban madubi tana datse gashinta tana murmushi. A gidan kallo wata ta suma, wasu suka fice suna salati. Kafin gari ya waye unguwa ta yanke hukunci: ba mai irin wannan murmushi sai mai iska a ka. Yanzu Auta ko shagon ba ta son zuwa.

Mai ɗinki ta tsayar da keken. Abin ya kai mata iya wuya.

"Me ta yi miki?"

"Ba komai. Amma idon nan nata! Wallahi da fitila na kwana."

"Wasa ne fa."

"Wannan ya wuce wasa. Ki kai ta a duba ta."

"Ikon Allah! Dole aka yi miki? Da ƙafarki kika je neman abin tsoro, ta ba ki shi har da gyara. Ɗan wani ya iya aiki a ce gwani, tawa ta iya a ce aljanu." Ta juya wajen labulen. "Auta, fito!"

"Umma, ki bari kawai."

"Sata kika yi? Na ce ki fito!"

Yarinyar ta fito kanta a ƙasa. Uwar ta cire tef daga wuyanta ta rataya mata.

"A shagon nan Auta ce ke awo. In ba ta auna ba, almakashina ba ya taɓa yadi. Ga ƙofa nan, ba a rufe take ba."

Matar ta dubi ƙofa, ta dubi ledarta. Biki ya matso, kuma duk telolin layin aiki ya yi musu yawa. Ta ja tsaki, ta ɗaga hannuwa sama, ta runtse ido, leɓenta na motsi da addu'a.

Auta ta auna kafaɗa. Ta auna tsawon hannu. Da ta zagaya tef ɗin a ƙirji sai ta dakata, ta ɗago kai, da matar ta buɗe ido ta dube ta ido cikin ido.

"Anti, saki numfashi. In ba haka ba rigar za ta matse ki."