Bencin da Ya Ba Ƙofa Baya

'Yar Awo suke kiranta a gidan hayar nan mai hawa uku, don tun ranar da ta fara zuwa da tef ɗinta ba abin da bai sha awo ba, har tabarmar Gwaggo, tsohuwar ɗakin ƙasa. Ɗalibar zanen gine-gine ce, tana digiri na biyu. Malaminta ya ce ta shiga cikin mutane, ta ji buƙatarsu, ta gina musu abin da za su mora. Ranar Alhamis zai zo da masu jarrabawa su gani da idonsu. In suka tarar ba kowa a kan abin da ta gina, wahalar shekara biyu ta sha ruwa.

Buƙatar kuwa a fili take. Tsofaffin gidan a kan fasasshiyar matakalar bakin ƙofa suke yini, rana na gasa su. Sai ta zana musu benci mai rumfa da majingina, ta raba takardun tambayoyi arba'in. Duka arba'in ɗin suka ce ya yi kyau. 'Yar Awo, baiwar Allah, har da hawayen murna.

Kafinta ya girke bencin a ƙuryar tsakar gida inda ba hayaniya, yana fuskantar furannin da ta shuka. Kwana huɗu ba wanda ya hau shi sai kyanwa, sai wata da ta shanya zanin gado a kai.

Ranar Laraba ta zo ba tef ba takarda, hankali a tashe, ta zube a matakalar tsakanin Gwaggo da wani dattijo mai gyaran rediyo.

"Baba, ba ku ne kuka ce ya yi kyau ba?"

"Mu ne, 'yar nan," in ji dattijon. "Wata shida kina zufa dominmu, sai mu watsa miki ƙasa a ido? Ai ba a haka."

Ta zuba wa masu shige da fice ido. Mai shara ya wuce, ya gaida Gwaggo. Malamar jinya ta hawa na biyu ta dawo aiki, ta rusuna, ta tambayi Gwaggo ya gwiwa. Tela ya tsaya ya ba su labarin wanda ya sayi sabon firji. Sai a lokacin 'Yar Awo ta ji kunya ta rufe ta, don wannan kam bai taɓa shiga littafinta ba.

Gwaggo ta dafa kafaɗarta. "Tun da maigidana ya rasu, ba mai ƙwanƙwasa min ɗaki. Duk gaisuwar da nake samu, a bakin ƙofar nan nake tsintarta. Furannin naki suna gaisuwa?"

Da yammar nan mutum shida suka kinkimo bencin da rumfarsa, suka ajiye shi a karkace dab da ƙofa, inda zanenta ya ce sam bai dace ba. Da hannunta ta tallabi ƙafa ɗaya.

Washegari malaminta ya iso da masu jarrabawa uku, suka tarar benci ya cika maƙil, ba hanyar wucewa sai ta gaban Gwaggo. Ɗaya bayan ɗaya suka rusuna, ita kuwa tana amsawa har da tambayar iyali.

Da suka shige, ta jawo 'Yar Awo ta raɗa mata: "Ko sun ba ki maki ko sun hana, ni dai yau na sha gaisuwa."