Allon da Ya Kwana Huɗu

Ranar Laraba da yamma allon ya iso gidan Zilda, kuma da ta ga jan tambari a samansa sai ranta ya ɓaci tun ba ta cire takalmi ba.

Allon unguwa ne, kairamban suke ce masa: 'yar jakar kwali da takardun sanarwa a ciki, tana bin gida-gida. Kowa ya karanta sai ya buga hatiminsa, ya rubuta kwanan wata a layin gidansa, ya miƙa wa na gaba. Gida tara ne a wannan gangaren da ke bayan birnin Hamamatsu na ƙasar Japan, tsakanin gonakin shayi. Daga gidan Sugiura mai unguwa allon yake fitowa, can kuma yake komawa. Zilda da mijinta Nilton, 'yan Brazil da aikin kamfanin kayan mota ya kawo, su ne na takwas. Ta tara Kaka Kikue ce, can ƙarshen tudu, ita kaɗai a gida, ga ciwon gwiwa, ga nauyin kunne, sai waya ta gaji da ƙara ba ta ji ba.

"Mun kuma yin laifi," Zilda ta ce wa Nilton, tana kaɗa masa allon a fuska. "Dubi ja."

"Me muka yi kuma?"

"Ina na sani? Ƙila murfin kwalba ka jefa cikin gwangwanaye. Kai ai hannunka ba ya jin magana."

"Ɗora waya ta fassara miki mana."

"In dawo daga tsayuwar awa goma, in zauna waya ta zage ni cikin ladabi? Na yafe."

Tana da dalilinta. Sau biyu ta taɓa ganin wannan jan tambarin, kuma duk a kan shara ne. Ba a ambaci suna ba, nan ba a ambatar suna. An dai rubuta cewa "wasu mazauna" suna fitar da leda ranar kwalabe, sannan aka maimaita da yaren Brazil a ƙasa, don kada wasu mazaunan su yi shakkar su wa ake nufi. Gidan da suke haya na ƙanin Sugiura ne, kuma kafin su same shi masu gida bakwai suka ce musu "abin da ɗan wuya", wato a'a. Kullum Zilda ji take kamar gargaɗi ɗaya ya rage a ce su tattara.

Ta wurga allon kan kabad ɗin takalma. Dama al'adarta ce ta riƙe shi zuwa Lahadi. Wannan kam ba don lalaci ba. A unguwar ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana don hira kawai, sai da dalili, kuma allon shi ne dalilinta. Shekara uku tana hawa tudun nan da shi, Kaka Kikue ta karɓa, ta ce, "Shigo mana, 'yar nan, kin tsaya kamar mai kawo wasiƙa," ta dafa koren shayi, ta yanko dankalin da ta gasa. Duk Japan, nan kaɗai Zilda take miƙe ƙafa a gidan wani.

Ranar Lahadi ta hau. Kaka Kikue ta zuba shayi, ta ɗora tabarau a hanci, ta buɗe allon tana tsokana.

"Bari mu ga wa aladun daji suka cinye wa gona a wannan makon."

Ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta koma sama ta sake bi.

"Kaka, shara ce ko? Ki faɗa mini, na saba."

"Toshie ce," tsohuwar ta ce. "Ta tafi."

Zilda ta san sunan. Babu Lahadin da ba ta ji shi ba. Toshie ta gida na uku, wadda aka kawo su aure unguwar shekara ɗaya da Kikue, shekara sittin da ɗaya da suka wuce. Tare suka tsinki ganyen shayi, tare suka binne mazajensu, har gaba suka taɓa yi ta wata biyar a kan tukunyar aro. Tun bazara tana kwance a asibiti cikin gari.

"Yaushe ne jana'izar? Nilton zai kai ki, ni ma zan ɗauki hutu."

"An yi zaman makoki Alhamis. An ƙona gawar Juma'a." Kaka Kikue ta taɓa jan tambarin da farce. "Wannan cewa yake a gaggauta."

Zilda ta dubi layin hatimai: sha biyu ga wata, sha biyu, sha biyu, gida bakwai duk rana ɗaya. Cikin yini guda allon ya ratsa unguwa, ya zo ya kwanta kan takalmanta kwana huɗu. Motar da aka tanada don kai mutanen unguwa zaman makoki ta tsaya a gindin tudu ranar Alhamis ta tafi, ba wanda ya hau ya ƙwanƙwasa, don a nan idan mutum bai fito ba an ɗauka yana da dalili, kuma ba a tono dalilin mutum.

Zilda ta durƙusa, goshi a tabarma, tana jero duk kalmomin ban haƙuri da ta sani, ba su fi uku ba. Ta so tsohuwar ta yi mata ihu, ta jefe ta da kofi. A garinsu da an yi haka, an yi kuka, an rungumi juna.

"Ɗago, shayinki zai huce. Ba ni hatiminki."

Zilda ta miƙa. Kaka Kikue ta buga a layi na takwas, ta ɗauki biro ta rubuta sha biyu. Ta buga nata a layi na tara, ta rubuta sha shida.

"Kaka, ba haka aka yi ba."

"Ni tsohuwa ce, an san ina mantuwa. Ke kuma haya kike yi." Ta rufe allon. "Mayar wa Sugiura, gwiwata ba za ta iya ba."

Matar Sugiura ce ta buɗe ƙofa, doguwa mai furfura, da rigar girki. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba layukan, ta daɗe tana dubawa.

"'Yar Toshie ta ajiye mata kujera a sahun gaba," ta ce a hankali. "Har aka tashi ba kowa a kai. Ashe kwana huɗu allon ya yi a wurin Kikue-san?" ta ƙara, da "san" ɗinsu na girmamawa.

Ta ɗago ido ta jira. Zilda ta tuna masu gida bakwai da suka hana su haya, ta tuna kwalaye da motar kwasar kaya. Ta sunkuya ta ce, "Haka ne."

"To. Sannu da ɗawainiya."

Ba abin da ya biyo baya, kuma shi ya fi cin ta. Ana gaishe ta kamar da. Allon yana zuwa, ta ɗora waya ta karanta har tallan maganin ƙwari, ta haura da shi a guje a ranar. Kaka Kikue tana dafa shayi, ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma sake ambatar Toshie ba, ita da ba ta iya gama hira babu sunan. Zilda ta daina miƙe ƙafa. Takan sha rabin kofi ta ce tana da wanki.

"Ita ta zaɓa fa," in ji Nilton. "Kyauta ta yi miki. Ki karɓa ki yi shiru, haka suke so."

"Kai dai ka ci abincinka."

Ranar da Toshie ta cika kwana arba'in da tara da rasuwa aka taru a gidanta don ƙona turare, bisa al'adarsu. Nilton ya sauko da Kaka Kikue a mota. Zilda ta ga yadda tsohuwar ta durƙusa da wannan gwiwar a gaban 'yar mamaciyar, cikin mutane, tana neman gafara a kan rashin zuwanta, tana cewa sakacinta ne. Nan abin ya fi ƙarfinta. Ta bi matar Sugiura zuwa bayan gida inda ake wanke kofuna, ta faɗi maganar da ta yi mako shida tana haddacewa.

"Sugiura-san, allon nan a gidana ya kwana. Ba laifin Kaka ba ne. Ni ce."

Matar ba ta rufe famfo ba. Ta ɗauraye kofin da ke hannunta, ta kife shi.

"Mun sani."

"Kun sani?"

"Shekara sittin muna ganin rubutun Kikue-san. Yadda take lanƙwasa lambar biyu ba wanda bai sani ba. Duk gidajen sun gane."

"To don me ba wanda ya ce komai? Don me kuka bar ta ta durƙusa yanzu?"

"Abin da ta rubuta da hannunta ba mu ne za mu goge ba. Ke kaɗai kike da ikon wannan." Ta goge hannu a rigarta, ta dubi Zilda babu fushi, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. "Shi ya sa na tambaye ki a bakin ƙofa."