Ƙarfen Sirdin Baba Mika

Gladys ce ta auna keken da zare, kuma ta waje ta auna shi.

Keken na ubanta ne, Baba Mika, tsohon soja. Ya saye shi shekarar da ya ajiye kaki, kuma tun daga nan da shi yake zuwa gonarsa ta hanyar Dabai. Ranar Litinin ya faɗa wani rami, ƙarfen da ke riƙe da sirdi ya karye, ya kayar da shi. Gwiwa ta kumbura. Dawa kuma ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka.

Sai ya aiki 'yarsa kasuwa ta sayo wani ƙarfen. Ita kuwa ta naɗa zare a jikin bututun firam ɗin keken, inda ƙarfen ke shiga, ta ƙulla, ta kai shagon Obinna mai kayan keke. Obinna ya zaɓo ƙarfen da zaren ya zagaye daidai, ya ba ta.

Ranar Alhamis Baba ya tura keken yana ɗingishi har rumfar Nasiruddeen mai gyara, Gladys na biye da shi. Nasiruddeen ya ɗora sabon ƙarfen a bakin bututun, ya juya, ya danna. Ko farce bai shiga ba.

Ya ce, "Baba Soja, wannan ai kaurinsu ɗaya da bututun. Ta ina zai bi? Wa ya yi awon?"

"Ni ce," in ji Gladys. "Da zare."

"Malama, ke da rigar yaro za ki saya, sai ki auna shi da bargo a jiki?"

Nasiruddeen ya ɗauko ma'auninsa ya zura a ramin bututun. Ya ce ramin ashirin da biyar ne da ɗigo huɗu, ƙarfen kuwa ashirin da takwas da ɗigo shida. Baba bai san ɗigo ba. Amma ya yi shekara ashirin da biyu da bindiga a hannu, bai taɓa ganin an dura mata harsashin da ba nata ba da guduma.

Aka kira Obinna daga tsallaken titi. Ya leƙa ramin, ya girgiza kai.

"Baba, irin naka babu a Zuru yanzu. Sai mota ta zo daga Onitsha. Sati uku, in Allah ya yarda."

"Dawa ba ta san sati uku ba," in ji Baba.

Nasiruddeen ya ce akwai hanya. Za a gasa bakin bututun da wuta har ya yi ja, a cusa rodi a buɗa shi, sai ƙarfen ya shige. Baba ya tambaye shi ko bututun zai ɗauka. Nasiruddeen ya sosa ƙeya. Ya ce wani yana ɗauka, wani yana tsagewa.

"A yi kawai," in ji Gladys. "In ya tsage ma shi ke nan. Dama Yaya Philemon ya bugo daga bariki, ya ce ka daina hawa. Akwai masu babur, za su kai ka su dawo da kai."

Baba ya dube ta. Yanzu ya gane. 'Ya'yansa ba gyara suke jira ba. Firam in ya tsage a nan wurin, babu walda da za ta mai da shi keke, sai a jingina shi a bayan rumbu, shi kuma a jingina shi a ƙofar gida.

Ya karɓi sirdin, ya ɗaure shi a kariyar bayan keken da roba. Ya yagi tsumma ya toshe bakin bututun don kada ƙasa ta shiga. Ya miƙa wa Obinna ƙarfensa.

"Ka ce su kawo nawa. Ashirin da biyar da abin nan huɗu."

"Kafin nan fa?" in ji Gladys.

"Feda biyu ce. Zan taka a tsaye."

"Da wannan gwiwar? Har gona?"

Ya ɗora ƙafa a feda. Gwiwar ta soke shi har ƙugu, fuskarsa ba ta nuna ba. Nasiruddeen ya riga ya kunna wutarsa, yana riƙe da rodi.

"Kawo mana, Baba Soja. Minti goma ne."

Baba Mika ya riƙe kan kekensa da hannu biyu.

"Kashe wutarka. Ba za a buɗa bakin keken nan ba."